Yamai: birnin masu tafiya a ƙasa, titunan masu mota

A watan Maris na shekarar 2025, lokacin da man fetur ya yi ƙaranci a Yamai, layukan motoci da babura suka miƙe a bakin gidajen mai, taksi ya yi wuyar samu, mutane da yawa waɗanda suka saba hawa suka koma takawa. Abin da suka ɗanɗana na ƴan kwanaki shi ne abin da mafi yawan mazauna babban birnin ke fama da shi kowace safiya: rairayi a gefen kwalta, lambatu a buɗe, rana ba inuwa, ga motoci da babura na wucewa dab da kafaɗar mutum. Da mai ya wadata, maganar ta mutu. Masu tafiya a ƙasa kuwa suna nan inda aka bar su.

Akwai tambayar da ya kamata hukumomin birni su riƙa yi wa kansu kafin su sa hannu a kan kowace kwangilar hanya: mene ne ke sa mutum ya fita da ƙafa ko a kan keke hankalinsa kwance, har ya yarda ɗansa mai shekara 8 ya tafi makaranta shi kaɗai? Biranen da suka ɗauki tambayar da muhimmanci sun samu amsa kusan iri ɗaya. Abubuwa ƙalilan ne: gudun abin hawa, wurin takawa, wurin tsallakawa, inuwa, haske, da idon jama'a. Yawancinsu kuma sun fi gadar sama araha nesa ba kusa ba.

Ƙafa ce babbar motar Yamai

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da ɗoriya ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan ɗaya, kuma tun daga nan birnin bai daina faɗaɗa ba. Girmansa a kwance yake. Ana yanka fuloti ana miƙewa, unguwanni irin su Koira Tegui, Niamey 2000, Aéroport da Kirkissoye suna ƙara nisa da tsakiya, alhali Babbar Kasuwa, kasuwar Katako, ma'aikatun gwamnati da babban asibitin ƙasa duk suna nan inda suke tun fil azal. Duk wanda ya samu fili mai araha, ya saye shi ne tare da doguwar tafiya.

Wani bincike da masana harkar sufuri na birnin Liyon na Faransa suka gudanar gida-gida a Yamai a 1996 ya gano cewa kusan tafiya 7 cikin 10 da mazauna birnin ke yi, da ƙafa suke yin ta. Binciken ya tsufa, babura kuma sun yawaita ƙwarai tun daga lokacin, amma dalilin da ya sa mutane ke takawa bai gushe ba. Lissafi kaɗan ya isa a gane shi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne na sefa. Kuɗin taksi da aka daɗe da sani dala 40 ne, wato sefa 200, kuma direba kan nemi ninki idan wurin da nisa. Ma'aikacin da zai je ya dawo kwana 26 a wata a kan dala 40 zai kashe sefa 10,400, wato kusan rubu'in albashinsa. Idan unguwarsa ta nesa ce, rabin albashi ya tafi ke nan, bai biya haya ba, bai sayi hatsi ba. Motocin safa na kamfanin SOTRUNI ba su taɓa isar birnin ba, faba-faba kuma manyan hanyoyi kawai take bi. Saura ƙafa.

Su wane ne masu takawar? Ƴan makaranta, mata masu zuwa kasuwa da asibiti da goyo a baya, almajirai, tsofaffi, masu talla, ƴan ga-ruwa da ke tura kura, leburori, da masu lalurar naƙasa a kan kekunansu na hannu. Waɗannan su ne mafi yawa a kan titi, kuma su ne mafi ƙarancin murya a wurin da ake zana titin.

Inda kuɗin suka tafi

Ba za a ce ba a yi aikin hanyoyi a Yamai ba. Ƙarƙashin shirin Niamey Nyala na zamanin shugaba Issoufou Mahamadou, an buɗe gadar sama ta Mali Béro a 2013, ta shataletalen Martyrs a 2016, sai ta Diori Hamani a 2018, wadda ita kaɗai ta ci sama da miliyar 40 na sefa. A 2019, gabanin taron ƙoli na Tarayyar Afirka, aka shimfiɗa babbar hanyar da ta taso daga filin jirgin sama zuwa tsakiyar gari, kusan kilomita 10. A kan kogin Kwara, bayan gadar Kennedy ta 1970, an samu gadar abota ta Sin da Nijar a 2011, sannan gadar Janar Seyni Kountché a 2021.

Waɗannan ayyuka sun rage cunkoso a wasu wurare, sun kuma canza fuskar birnin. Sai dai dukkansu matsala guda aka sa su warwarewa: yadda mota za ta wuce ba tare da ta tsaya ba. Gadar sama ta musamman ce wajen wannan aiki, domin amfaninta ke nan. Amma abin da ya zama sauƙi ga direba yakan zama katanga ga mai ƙafa. Hanya mai layi huɗu ko shida da aka yi don gudu, idan ta ratsa tsakanin unguwa da kasuwa, ko tsakanin unguwa da makaranta, ta raba mutane da wuraren da suke zuwa kullum. Mutanen ba za su daina zuwa ba. Za su riƙa tsallakawa ne da gudu, rai a hannun Allah.

A watan Oktoba na 2024, hukumomin soja sun canza sunayen wasu wurare a birnin: titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, dandalin Francophonie ya koma dandalin ƙawancen ƙasashen Sahel, AES. An yi hakan ne da sunan kawar da abin da mulkin mallaka ya bari. To akwai wani gadon da bai taɓu ba, wato tunanin da ya yi wa unguwar Plateau tituna masu faɗi da itatuwa, ya bar unguwannin talakawa da rairayi. Wannan bambanci yana nan har gobe, kuma mai tafiya a ƙasa ya fi kowa saninsa.

Gudu ne ke kisa

Abu na farko da ke tsorata mai ƙafa, kuma shi ne ke kashe shi, gudu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce mutumin da mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa yana da damar tsira kusan kashi 90 cikin ɗari. Idan gudun ya kai kilomita 45, damar ta faɗi ƙasa da rabi. Dalilin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ma ƙafar direba ta isa birki. A gudun kilomita 30, mita 8 take ci. Yaron da ya fito daga bayan wata motar da aka ajiye, rayuwarsa tana cikin waɗannan mita 6 na tsakani.

Rahoton OMS na 2023 ya ƙiyasta cewa haɗuran hanya na kashe kusan mutum miliyan 1 da dubu 190 a duniya kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ke da mafi munin rabo: tana da kusan kashi 3 cikin ɗari na motocin duniya, amma kusan ɗaya cikin biyar na mamatan nata ne. Wani rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 a kan tafiyar ƙafa da hawan keke a Afirka ya ce kowace rana ana kashe masu tafiya a ƙasa 261 da masu keke 18 a kan hanyoyin nahiyar.

Saboda haka ne taron ministoci na duniya da aka yi a Sitokholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a duk inda motoci ke cakuɗuwa da mutane. Nijar na da dokar hanya ta 2014, tana kuma da hukumar kiyaye haɗura ta ANISER mai yawan faɗakarwa a rediyo da talabijin. Faɗakarwa na da amfani, amma direba titi yake karantawa, ba allo ba. Idan titi ya miƙe samɓal, ga faɗi, ga santsi, ƙafa za ta danna ko da an kafa alluna goma. Idan titin ya tsuke, akwai tudun rage gudu, akwai itatuwa a gefe, akwai kwana, gudu zai ragu ko ba ɗan sanda.

Mutanen Yamai sun san wannan tun kafin masana su faɗa. Shi ya sa a unguwanni da dama, bayan an buge wani yaro, matasa kan tashi su yi tudu da ƙasa ko siminti, ko su jera tsoffin tayoyi a kan hanya. Irin waɗannan tudun na gaggawa sukan kayar da masu babur da dare, domin ba fenti, ba alama, ba ma'auni. Duk da haka saƙo ne ga ma'aikatar magajin gari: kowane tudu da jama'a suka yi da hannunsu yana nuna wurin da hukuma ta makara.

Gefen titi na wa ne?

Abu na biyu shi ne wurin takawa. A galibin titunan Yamai da aka zuba wa kwalta, abin da ke biye da bakin kwaltar rairayi ne. Tafiya cikin rairayi na gajiyar da mai lafiya ma, balle mai turin kura, mai keken guragu, ko tsohuwa da sanda. Dole su hau kwalta su raba ta da motoci. Inda aka yi daɓen masu ƙafa kuma, sau da yawa ya zama wurin ajiye motoci, wurin baje kaya, garejin gyaran babur, ko wurin zuba yashi da bulo na mai gini. Wani wurin murfin lambatu ya karye ko an sace ƙarfensa. Daɓen da ke yankewa duk bayan mita 50 bai da maraba da babu, domin mai tafiya ba zai riƙa hawa yana sauka ba.

Maganin da hukumomi suka fi saurin kaiwa hannu shi ne rusau. A 2016 an rushe ɗimbin shaguna da rumfunan da ke bakin manyan titunan Yamai, an kuma maimaita irin haka a lokuta daban-daban. Filin yakan buɗe na ɗan lokaci. Amma idan ba a daɓe shi ba, ba a dasa komai ba, ba a ware wa ƴan kasuwar wani wuri kusa ba, ɗayan biyu ne: ko su dawo, ko motoci su gaje wurin.

Akwai kuma abin da rusau ke ɗaukewa wanda ba a lissafa shi. Marubuciyar nan Ba'amurkiya Jane Jacobs ta yi bayani tun 1961 cewa abin da ke tsare titi shi ne idanun mutanen da ke zaune a bakinsa. A Yamai waɗannan idanu su ne mai shayi, mai tebur, mai tsire, mai ƙosai, da matasan fada da ke zaune har tsakar dare. Macen da ta taso daga aiki bayan isha'i ta fi samun natsuwa a layin da ke da masu tebur da fitilunsu fiye da titi mai kyau da ke bin doguwar katangar wata ma'aikata ba kowa. Don haka aikin da ke gaban hukuma rabo ne: a shata inda mai sana'a zai zauna, a bar aƙalla mita 2 da ba mai taɓawa don masu wucewa, sannan a tsare wannan iyaka kullum. Masu ajiye motoci a kan daɓen ma doka ta hau kansu kamar yadda take hawa kan mai tebur.

Tsallakawa

Abu na uku shi ne wurin tsallakawa, kuma a nan ne aka fi zubar da jini. Farin zane a kan kwalta ba ya tsayar da kowa idan direbobi ba su saba girmama shi ba, ga shi rana da rairayi na goge shi cikin ƴan watanni. Abin da aka ga yana aiki shi ne a ɗaga wurin tsallakawar ya zama tudu mai faɗi wanda dole mota ta rage gudu kafin ta hau, a kuma yi ɗan tsibiri a tsakiyar titi inda mutum zai tsaya ya numfasa, ya fuskanci hannu ɗaya a lokaci guda. Gadar ƙafa ta sama tana da kyau a hoto, amma mai kaya a kai, mai juna biyu, da mai keken guragu ba sa iya hawa matakala, shi ya sa a birane da yawa na Afirka za a ga gadar wayam, mutane na tsallakawa a ƙarƙashinta.

Birnin Darussalam na Tanzaniya ya ba da misali mai araha. Ƙungiyar Amend ta zaɓi makarantun firamaren da yaransu suka fi gamuwa da haɗari, ta yi musu tudun rage gudu, daɓen ƙafa, shinge, da wurin tsallakawa, wani lokacin ma ta canza ƙofar makaranta daga babban titi zuwa lungu. Binciken da aka yi bayan haka ya nuna raunukan yaran sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kuɗin da gadar sama ɗaya ta ci a Yamai zai yi irin wannan aiki a ƙofar makarantu masu ɗimbin yawa, ya yi saura.

Gadar Kennedy ma darasi ce. Tsawonta ya haura mita 700, layinta biyu ne kacal, kuma ita ce hanya mafi kusa tsakanin tsakiyar gari da Harobanda, inda jami'ar Abdou Moumouni take. Ɗalibai, masu kayan lambu, amalanken jakuna, raƙuma, babura da motoci duk a kanta suke haɗuwa. Yanzu da aka samu gadoji biyu masu faɗi da za su iya ɗaukar manyan motoci, babu abin da zai hana a sake duba rabon wuri a kan tsohuwar gadar, a ba masu ƙafa da masu keke kaso mai tsoka.

Rana, ruwa da duhu

Tsira daga mota rabin magana ce. Sauran rabin shi ne ko tafiyar za ta yiwu cikin daɗi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai na haura digiri 40 kusan kullum, kwalta kuma ta fi iska zafi. A irin wannan yanayi itace kayan aikin hanya ne, kamar yadda lambatu da fitila suke. Tafiyar minti 20 a ƙarƙashin bedi abu ne da tsoho zai iya, amma ita ɗin ce a fili take kai mutum asibiti.

Nijar ba baƙuwar dashen itace ba ce. Tun 1965 aka fara koren ɗamarar da ta kewaye Yamai, wadda aka tsara ta kai kusan hekta dubu 2 da 500, ko da yake gine-gine da bola sun cinye wani sashe nata. Tun 1975 kuma ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Matsalar ita ce yawancin dashen a filayen biki ake yin sa, a bayan gari, alhali sau da yawa faɗaɗa titi a cikin gari da saran tsoffin itatuwa yake farawa. Da za a ɗauki dashen shekara ɗaya kacal a jera shi a hanyoyin da yara ke bi zuwa makaranta, a damƙa wa masu shaguna da ƴan fada ban ruwa da tsaro daga awaki, da cikin shekara biyar an ga bambanci.

Da damina kuma ruwa ne ke yanke hanya. A Satumban 2020 kogin Kwara ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, kusan mita 7, ya shanye unguwanni a Harobanda. Daminar 2024 ma ta yanke manyan hanyoyin shiga birnin na ƴan kwanaki. Amma ko ba ambaliya, ruwan awa ɗaya ya isa ya mai da layukan unguwanni tafki, saboda lambatu ya cushe da leda da rairayi. Mai mota zai ratsa, mai ƙafa kuwa sai ya tuɓe takalmi ya shiga ruwan da bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba. A nan titunan da aka shimfiɗa wa tubalan siminti, waɗanda ake kira pave, sun nuna amfaninsu: suna kwashe ruwa, suna hana gudu, ana gyara su da hannu, kuma aikinsu na ɗaukar matasa da yawa.

Sai duhu. Lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar a watan Agustan 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, wutar da a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, an ga yadda titi ke zama idan ba haske. Fitilu masu aiki da hasken rana sun rage dogaro da NIGELEC, amma galibi a tsakiyar manyan tituna ake kafa su, suna haska wa motocin da ke da fitilunsu. Wanda ya fi buƙatar haske shi ne mai tsallakawa, da mai jiran taksi, da mai shiga lungu.

Me ya hana keke?

Yamai gari ne shimfiɗaɗɗe in ban da gangaren kogi da kwarin Gounti Yéna, kuma tafiyar kilomita 5 da ke cin awa ɗaya a ƙasa, minti 20 ce a keke. Ba ya shan mai, kowane bakanike na iya gyara shi. Duk da haka binciken 1996 ya samu rabon keke a Yamai ɗan ƙanƙane ne, alhali irin wannan bincike a Wagadugu a 1992 ya samu kusan tafiya 1 cikin 10 a kan keke ake yin ta. Zafin biranen biyu kusan ɗaya ne, arzikinsu ma ba wani nisa. Bambancin da ido ke gani shi ne manyan titunan Wagadugu da dama na da layi na musamman a gefe don masu ƙafa biyu, kuma a can mace a kan keke ba abin kallo ba ce.

Akwai batun daraja. A biranen Sahel da yawa ana ɗaukar keke abin hawan baƙauye, mai gadi, ko wanda bai kai ga babur ba. Matashi zai gwammace ya ci bashi ya sayi babur da a gan shi yana tuƙa keke. Amma tsoro ya fi kunya tasiri. Uban da ya san ɗansa zai shiga tsakanin taksi da tifa a titin Mali Béro ba zai saya masa keke ba ko da kyauta ne. Birnin Sebil na ƙasar Sifaniya, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ya gina sama da kilomita 100 na hanyoyin keke masu shinge daga 2006 zuwa 2010, ya haɗa su da juna, kuma masu hawa suka ninka sau da dama. Mutanen ba su canza hali dare ɗaya ba. Hanyar aka yi musu, suka fito.

Darasin Wagadugu na da gefe na biyu da ya kamata Yamai ta kula da shi. Layin da aka ware ya cika da babura, mai keke ya sake zama ɗan ƙarami a cikin masu gudu. A birnin da kabu-kabu da adaidaita sahu ke ƙaruwa kullum, layin keke na buƙatar shinge na gaske da tsaro, in ba haka ba fenti ne kawai aka ɓata.

Canza yadda ake kallon keke ma abu ne da aka gwada. Bogota ta Kolombiya na rufe manyan tituna ga motoci ranar Lahadi tun 1974. Kigali ta fara ranar da ba mota a 2016, Adis Ababa ta bi sahu a ƙarshen 2018. Yamai na da hanyoyin bakin kogi na Yantala da Gamkallé waɗanda za a iya rufewa safiyar Lahadi ba tare da an tsayar da kasuwa ba. Ranar da aka ga likita, malamin jami'a da hafsan soja a kan keke tare da iyalansu, maganar keken talaka ta fara mutuwa.

Wa zai yanke shawara?

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da birnin Yamai da gundumominsa biyar. Wannan na ba su damar yanke shawara da sauri, amma ya rage ƙofofin da mazauna unguwa za su kai kuka. Ga kuma ƙarancin kuɗi, tun da wasu masu ba da tallafi na waje sun janye ko sun rage hannu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, tsaro kuma na cin kaso mafi girma. Wannan yanayi hujja ce ta fifita ƙananan ayyuka masu amfanar mutane da yawa, waɗanda ake yi da siminti, duwatsu da ƙwadagon gida.

Masu adawa da wannan ra'ayi na da abin faɗa. Rage faɗin titi na iya ƙara cunkoso a wasu lokutan, direbobin taksi da ƴan kabu-kabu za su yi ƙorafin ɓata lokaci da mai, tudun rage gudu kuma na jinkirta motar asibiti. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe na gaskiya ne, shi ya sa ba kowane titi ne za a mai da na kilomita 30 ba. Manyan hanyoyin fita gari, kamar na Dosso, Tillabéri, Filingué da Ouallam, na buƙatar a raba masu ƙafa da motoci sarai. Titunan kasuwa, makaranta, asibiti da masallaci su ne ke buƙatar a sassauta gudu. Minti biyu da direba zai ƙara a hanya ba a auna shi da ran yaro. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanyar gane ko an ɗauki lamarin da gaske ba ta da wuya. A duba kowace sabuwar kwangilar titi a ga ko an rubuta daɓen ƙafa, wurin tsallakawa da itatuwa a cikinta tun farko, da kuɗinsu. A nemi ANISER da ƴan sanda su riƙa fitar da jerin wuraren da aka fi buge masu tafiya a ƙasa, unguwa-unguwa, domin a fara da su. Sannan a ƙirga, kafin komawa makaranta a watan Oktoba, ƙofar makaranta nawa ce a gundumomi biyar na Yamai yaro zai iya tsallakawa ba tare da wani babba ya riƙe masa hannu ba.